Wanda Ya Miƙa Makamin Fa?

Ranar 29 ga Maris, 2006, jami'an kan iyaka a Gamboru-Ngala ta jihar Borno suka tare wata mota tana shirin tsallakawa Kamaru. Mutumin da ke ciki Charles Taylor ne, tsohon shugaban Laberiya, wanda gwamnatin Obasanjo ta ba mafaka a Kalaba tun Agustan 2003. Ya ji ƙishin-ƙishin za a miƙa shi ne ya sulale, ya ratsa Najeriya tun daga bakin teku har kusa da tafkin Chadi, amma bai sha ba. Bayan shekara shida, kotun musamman da aka kafa kan yaƙin Saliyo, wadda ta saurari shari'arsa a birnin Hague, ta ɗaure shi shekara 50. Yana can yanzu a wani gidan yari a arewacin Ingila.

Mutane da yawa sun ɗauka abin da ya yi wa Laberiya ne ya kai shi kurkuku. Sam. A kan Saliyo aka ɗaure shi, ƙasar da ba shi yake mulkinta ba. Babu wanda ya shaida cewa Taylor ya datse hannun wani da adda, kuma alƙalan da kansu sun ce masu gabatar da ƙara sun kasa tabbatar da cewa shi ne kwamandan 'yan tawayen RUF na Saliyo. Abin da suka tabbatar shi ne ya riƙa aika musu bindigogi da harsasai da na'urorin sadarwa da mayaƙa, suna biyansa da daimon, alhali ya san abin da suke yi wa fararen hula da kayan. Sun kuma same shi da hannu a tsara hare-haren da suka kai ga afka wa Freetown a Janairun 1999, inda sojojin Najeriya na rundunar ECOMOG suka zubar da jininsu. Kashin bayan hukuncin dai shi ne taimako: ka san mutum na kisa, ka ci gaba da miƙa masa abin kisan.

Ban ga abin tausayi a ɗaurin Taylor ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in har ƙa'idar da aka ɗaure shi da ita gaskiya ce, kuma na yarda gaskiya ce, to akwai ministocin tsaro da na harkokin waje a manyan biranen duniya da ya kamata a ce an gayyace su su amsa tambayoyi tun tuni. Babu ɗayansu da aka taɓa gayyata.

Mu nan ba sai an koya mana wannan ƙa'ida ba. Duk lokacin da 'yan sanda suka baje kolin wanda aka kama yana kai wa 'yan bindiga harsasai a Zamfara ko Katsina, ba ka jin mai cewa ai shi ɗan kasuwa ne kawai. Cewa ake yi ya fi ɗan bindigar sharri. A 2021 gwamnatin Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka, aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, duk don a toshe hanyar da kaya ke isa daji; har masu kai burodi an kama. Malaman fiƙihu kuwa tun da daɗewa sun hana sayar da makami a lokacin fitina ga wanda aka san zai zubar da jini da shi. To in mai kai burodi daji abokin laifi ne, me za a kira wanda ya loda bama-bamai masu nauyin kusan tan guda a jirgin ruwa ya aika, yana kallon talabijin kowane dare yana ganin inda suke sauka?

Dokar duniya ma ta daɗe da sanin haka. A 1946 wata kotun sojan Birtaniya a Hamburg ta yanke wa Bruno Tesch da mataimakinsa Karl Weinbacher hukuncin rataya, saboda kamfaninsu ne ya sayar wa 'yan Nazi gubar Zyklon B da aka hallaka mutane da ita a sansanonin kisa. 'Yan kasuwa ne, ba sojoji ba. A 2005 wata kotu a Holan ta ɗaure Frans van Anraat saboda ya sayar wa gwamnatin Saddam Hussein sinadaran da aka haɗa iskar guba da su, kuma da ya ɗaukaka ƙara sai aka ƙara masa, ya koma shekara 17. Ko kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, wato ICC, da ta ɗaure Germain Katanga na Kwango a 2014, a kan samar wa mayaƙan da suka afka wa ƙauyen Bogoro makamai ta ɗaure shi. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 sun ɗora wa kowace ƙasa nauyin ta mutunta dokokin yaƙi, ta kuma tabbatar wasu sun mutunta. Yarjejeniyar cinikin makamai da ta fara aiki a Disambar 2014, wadda Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita, ta haramta wa ƙasa sayar da makami in ta san za a aikata laifin yaƙi da shi. A kan takarda babu abin da aka rage.

Amma a duba jerin waɗanda aka taɓa hukuntawa: 'yan kasuwar ƙasar da aka ci da yaƙi, wani dillali da ba shi da kowa, wani madugun 'yan tawaye, wani shugaban Afirka da mulki ya kuɓuce masa. Akwai wata shari'a da ta kusa taɓa manya, kuma yadda aka yi da ita abin nazari ne. Momcilo Perisic shi ne babban hafsan sojin Yugoslabiya lokacin yaƙin Bosniya. Daga ofishinsa a Belgrade ake aika makamai da man fetur da albashin hafsoshi ga rundunar Sabiyawan Bosniya, wadda ta yi wa Sarajevo ƙawanya ta kuma yi kisan Srebrenica. A 2011 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsohuwar Yugoslabiya ta ɗaure shi shekara 27. A Fabrairun 2013 sashen ɗaukaka ƙara ya sake shi, bisa hujjar wai taimakon da ya bayar na yaƙi ne gaba ɗaya, ba a nuna ya nufe shi takamaimai ga aikata laifukan ba. Kowa ya gane wa wannan hujja ke yi wa daɗi, domin babu ƙasar da za ta rubuta a jikin akwatin harsashi cewa wannan na kashe yara ne. Har wani alƙalin kotun ɗan Denmark, Frederik Harhoff, ya rubuta wasiƙa yana zargin akwai matsin lambar manyan ƙasashe. Bai kawo hujja ba, kuma wasiƙar ta jawo aka cire shi daga wata shari'ar. Wata bakwai kacal bayan sakin Perisic, lauyoyin Taylor suka kawo irin wannan hujja a tasu ɗaukaka ƙarar, kotun Saliyo ta ce ba ta san zancen ba. Daga baya kotun Yugoslabiyar ma ta janye daga wannan matsayi, amma aikin gama ya gama: ɗaya ya koma gida, ɗaya yana kurkuku.

Yanzu a dubi Gaza. Harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoba, 2023 ya hallaka kimanin mutum 1,200, aka yi garkuwa da kusan 250, kuma kashe fararen hula laifi ne ko wane ne ya aikata. Abin da ya biyo baya kuwa duniya ta gani da idonta. Kafin ƙarshen Yulin 2025 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga sama da mutum 60,000 da aka kashe, a watan Agusta kuma hukumar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke dogara da ita wajen auna yunwa ta tabbatar da cewa matsananciyar yunwa ta kama birnin Gaza da kewayensa. Da me aka yi wannan yaƙi? Cibiyar SIPRI ta Sweden, wadda ke bin diddigin cinikin makamai, ta ce tsakanin 2019 da 2023 kashi 69 cikin ɗari na manyan makaman da Isra'ila ta shigo da su daga Amurka suka fito, kashi 30 daga Jamus. Ƙasashe biyu ke nan suke riƙe da kusan duka. Tun 2016 gwamnatin Obama ta sa hannu kan ba Isra'ila dala biliyan 38 cikin shekara goma, wato biliyan 3.8 duk shekara, a Afrilun 2024 kuma majalisar dokokin Amurka ta ƙara wasu biliyoyin a kai ana tsakiyar ruwan bama-bamai.

Babu mai iya cewa bai sani ba. A Janairun 2024 Kotun Duniya, mai shari'a tsakanin ƙasashe, a ƙarar da Afirka ta Kudu ta shigar, ta umarci Isra'ila ta ɗauki matakan hana kisan ƙare-dangi. A watan Mayu gwamnatin Biden da kanta ta gaya wa majalisa a rubuce cewa akwai dalilin ɗauka cewa an yi amfani da makaman Amurka ta hanyar da ta saɓa dokokin yaƙi, sannan a cikin wannan rahoton dai ta ce ta gamsu da tabbacin da Isra'ila ta ba ta. Wata daɗaɗɗiyar ma'aikaciya a ma'aikatar harkokin wajen Amurka, Stacy Gilbert, ta ajiye aiki saboda ta ce an murɗe abin da ƙwararru suka rubuta game da hana shigar da kayan agaji. Kafin ita Josh Paul, wanda ya shafe shekaru a sashen da ke amincewa da cinikin makamai, ya ajiye nasa tun Oktoban 2023. Abin da Biden ya iya yi shi ne dakatar da jigilar rukuni ɗaya na manyan bama-bamai, Trump na hawa mulki a Janairun 2025 ya sake su. Ranar 21 ga Nuwamba, 2024 kuwa ICC ta fitar da sammacin kama firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant, bisa zargin amfani da yunwa a matsayin makami, tare da na kwamandan Hamas Mohammed Deif. In sani shi ne ma'aunin da aka auna Taylor da shi, to hujjojin sani a nan sun fi waɗanda aka tara a kansa yawa, kuma a rubuce suke da hatimin gwamnati.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Amurka tana da dokar da ta dace da wannan, kuma mu 'yan Najeriya mun ɗanɗani kaifinta. Dokar Leahy, wadda ta samo suna daga Sanata Patrick Leahy a 1997, ta hana ba da taimakon soja ga duk wata runduna da ake da sahihin bayanin ta aikata mummunan cin zarafin bil'adama. A 2014, lokacin da Boko Haram ke karɓe garuruwa ɗaya bayan ɗaya a Borno da Adamawa da Yobe, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra, tana kafa hujja da yadda sojojinmu ke mu'amala da fararen hula. Da Buhari ya je Washington a Yulin 2015 ya fito fili ya ce yadda ake amfani da dokar ya taimaki Boko Haram. To wannan doka dai ba a taɓa yanke wa wata rundunar Isra'ila taimako da ita ba, ko sau ɗaya. An kusa yi wa bataliyar Netzah Yehuda a 2024, sai aka ce wai an gyara ta. Doka ɗaya, ofis ɗaya, ma'auni biyu.

Da ICC ta taɓa abokin Amurka, sai aka juya kan kotun. Biden ya yaba wa sammacin kama Putin a Maris na 2023, ya kira na Netanyahu abin takaici. Trump ya ƙaƙaba wa babban mai gabatar da ƙara Karim Khan takunkumi a Fabrairun 2025, a watan Yuni aka ƙara da alƙalai huɗu, ciki har da Reine Alapini-Gansou ta Jamhuriyar Benin da Solomy Bossa ta Uganda. Ba sabon abu ba ne. An yi wa Fatou Bensouda ta Gambiya, wadda ta riƙe muƙamin kafin Khan, haka a 2020 saboda ta nemi bincikar abin da ya faru a Afghanistan, kuma tun 2002 Amurka ke da dokar da ta ba shugabanta damar amfani da kowace hanya ya ƙwato ɗan ƙasarsa ko na ƙawayenta daga hannun kotun. Ƙasashen Yamman nan dai su ne suka sa wa Iran takunkumi saboda jiragen Shahed marasa matuƙi da ta ba Rasha tana jefa wa biranen Yukiren. Sun yi daidai a nan, domin Iran ma ta san inda jiragen ke faɗawa. Ke nan sun san ƙa'idar sarai, sai dai suna tuna ta ne in abokin gaba ne ya miƙa makamin.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Mu ma muna da namu ma'auni biyun, kuma ba ma son a faɗa. Ranar 9 ga Agusta, 2018 jirgin ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta ya jefa bam kan motar 'yan makaranta a kasuwar Dahyan ta arewacin Yaman, yara 40 suka mutu. Ɓaraguzan da aka tsinta sun nuna bam ɗin ƙirar kamfanin Lockheed Martin ne na Amurka. Shekara biyu kafin nan an jefa bam kan zaman makoki a birnin Sana'a, aka kashe kimanin mutum 140. Masallatai nawa ne a nan suka yi alƙunutu saboda yaran Dahyan? A 2021 aka kaɗa ƙuri'a a hukumar kare haƙƙin bil'adama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka rushe kwamitin ƙwararrun da ke binciken laifukan yaƙin Yaman da ƙuri'a 21 a kan 18, ba mu ce uffan ba.

Na Sudan ya fi kusa da mu, domin akwai Hausawa 'yan'uwanmu da suka yi tsatso a can tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. Tun Afrilun 2023 sojojin Sudan da dakarun RSF na Hemedti ke yaƙi. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe tsakanin mutum 10,000 da 15,000 a garin El Geneina kaɗai a 2023, galibinsu 'yan ƙabilar Masalit, ya kuma ce zargin da ake yi na cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na tura wa RSF makamai ta filin jirgin Amdjarass a gabashin Chadi zargi ne mai tushe. Daular ta musanta, ta ce asibiti ta gina a can. Ƙungiyar Amnesty ta gano motocin sulke ƙirar Daular ɗauke da na'urorin kariya na Faransa a fagen daga, alhali tun 2004 akwai takunkumin hana shigar da makamai Darfur. A Janairun 2025 Amurka ta ce RSF ta aikata kisan ƙare-dangi, ta sa wa Hemedti takunkumi, amma cinikin makamanta da Abu Dhabi bai tsaya ba. A ƙarshen Oktoba El Fasher ta faɗi bayan ƙawanyar shekara ɗaya da rabi, hotunan abin da aka yi wa mutanen garin suka cika wayoyi. Sojojin gwamnatin ma hannunsu ba wankakke ba ne, su ma suna da masu ba su jirage marasa matuƙa. Amma kowa ya san a nan sunan Dubai ba ya fita daga bakinmu da sauƙin da sunan Washington ke fita, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: can ake zuwa sarin kaya, can manyanmu ke da gidaje.

Sudan ta kai ƙarar Daular gaban Kotun Duniya a Maris na 2025. Cikin wata biyu aka kori ƙarar, ba don an duba hujjoji an ga babu ba. Lokacin da Daular ta shiga yarjejeniyar hana kisan ƙare-dangi, ta rubuta cewa ba ta yarda da sashen da ya ba kotun hurumin saurarar ƙara a kanta ba, shi ke nan. Haka tsarin yake: ba a yi wa ƙasa shari'a sai da yardarta. A 1986 Nicaragua ta yi nasara a kan Amurka a wannan kotu saboda makamai da kuɗin da ta ba 'yan tawayen Contra, Amurka ta ƙaurace wa shari'ar, ta kuma hau kujerar naƙi da aka kai maganar Kwamitin Sulhu. Ƙarar da Nicaragua ta shigar kan Jamus a 2024 game da makaman da take ba Isra'ila ba a kore ta ba, amma kotun ta ƙi ba da umarnin gaggawa. ICC kuwa mutum take tuhuma, ba ƙasa ba, kuma manyan masu ƙera makamai, Amurka da Rasha da Chaina, babu wadda ke cikinta. Ali Kushayb, kwamandan mayaƙan sa-kai na Janjaweed a Sudan, sai a Oktoban 2025 aka same shi da laifin abin da ya yi a Darfur a 2003 da 2004. Waɗanda suka ba shi bindigogin ko ɗaya bai tsaya gaban alƙalan Hague ba; Omar al-Bashir ma da sammaci biyu a kansa ya zo Abuja a Yulin 2013 ya koma lafiya.

Na san abin da za a ce. Za a ce ƙasar da ke fuskantar ta'addanci tana da haƙƙin kare kanta, kuma hana ta makami taimakon ɗan ta'adda ne. Wannan magana tana da nauyi, duk wanda ya ga yadda Mubi da Bama da Gwoza suka faɗi a 2014 ba zai raina ta ba. Amma a tuna, a wannan lokacin ne aka kama dala miliyan 9.3 tsaba a jirgin haya a Afirka ta Kudu da sunan sayen makamai, kuma kuɗin makaman wannan lokacin ne daga baya aka yi shari'ar zargin wawure dala biliyan 2.1 a kansu. Ba dokar Leahy ce ta bar sojanmu da harsashi ƙirgagge a bakin daga ba. Dokar ma ba ta ce a daina taimakon ƙasa ɗungurungum ba. Rundunar da ta yi laifi take warewa, kuma da zarar an hukunta masu laifin sai a ci gaba. Wato hanyar samun makamin a buɗe take, sai dai ta bi ta kotun soja. Gwamnatocinmu ne ba sa son bin ta.

Za a kuma ce in Yamma ta gindaya sharaɗi sai a koma wajen wanda ba ya tambaya. Haka ne, an kuma koma. Mali ta kori Faransa ta kawo mayaƙan Wagner na Rasha, kuma a Maris na 2022 aka yi kisan Moura, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da wasu baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 cikin 'yan kwanaki. Nijar ta sallami sojojin Amurka daga Agadez a 2024, wannan haƙƙinta ne, babu mai ja. Amma da ita da Mali da Burkina Faso suka sanar a Satumbar 2025 cewa za su fice daga ICC, sai na tambayi kaina wa aka 'yanta. Gaskiya ne duk waɗanda kotun ta ɗaure kan manyan laifuka zuwa yanzu 'yan Afirka ne, kuma wannan abin kunya ne gare ta. Sai dai waɗanda aka kashe ɗin ma 'yan Afirka ne. Makiyayin da aka harbe a kasuwar Moura bai ƙaru da komai ba don an ce wanda ya kawo bindigar ba Bafaranshe ba ne.

Inda aka ɗan ga motsi kuwa ba a Hague ta alƙalan duniya ba ne, a kotuna da majalisun ƙasashen da ke sayar da makaman ne. A Yunin 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Birtaniya ta ce gwamnati ta saɓa doka da ta ci gaba da sayar wa Saudiyya makamai ba tare da ta duba laifukan baya ba. An tsaya shekara guda, aka dawo da hujjar wai tsirarun kurakurai ne. A Fabrairun 2024 wata kotu a Holan ta hana fitar da kayan gyaran jiragen F-35 zuwa Isra'ila, ko da yake kotun ƙoli ta mayar da maganar hannun gwamnati daga baya. Birtaniya ta dakatar da lasisi 30 daga cikin kimanin 350 a Satumbar 2024, Jamus ma ta ɗan ja birki na 'yan watanni a 2025. A majalisar dattawan Amurka, ƙudurin Bernie Sanders na hana sayar wa Isra'ila wasu makamai bai kai ƙuri'a 20 ba a Nuwambar 2024, amma a Yulin 2025 ya samu 27. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya tsayar da yaƙi, kuma ba zan yaudari kowa ba cewa sun wadatar. Amma kowannensu ya tilasta wa wani minista ya sa hannu a takarda cewa ya duba ya kuma amince, takardar kuwa tana nan ajiye. Shari'ar Van Anraat sai da aka yi kusan shekara 20 da aikata laifin kafin a yi ta.

Saura mu. A Janairun 2017 jirgin sojan samanmu ya jefa bama-bamai kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta ƙaramar hukumar Kala Balge, aka kashe mutane masu yawa, har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Wannan ne ya sa gwamnatin Obama ta jinkirta cinikin jiragen Super Tucano 12. Trump ya amince da shi cikin shekarar, jiragen suka iso a 2021. Daga nan ga na makiyaya a Doma ta Nasarawa a Janairun 2023, ga na masu Mauludi a Tudun Biri ta Igabi ranar 3 ga Disamba, 2023, inda hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85, ga na Silame a Sakkwato ranar Kirsimetin 2024. Kafin su duka akwai Zariya a Disambar 2015, inda kwamitin da gwamnatin Kaduna da kanta ta kafa ya tabbatar da binne mutum 347 a rami ɗaya. A Disambar 2020 Bensouda ta ce akwai dalilin buɗe cikakken bincike kan Boko Haram da kuma jami'an tsaron Najeriya, aka bar maganar kwance shekara da shekaru. Duk da haka a 2022 Amurka ta amince da sayar mana jirage masu saukar ungulu 12 na kusan dala biliyan ɗaya, a Agustan 2025 ta amince da bama-bamai da rokoki na dala miliyan 346.

Ina son sojojinmu su samu makaman, domin mutanen Shinkafi da Sabon Birni na buƙatar kariya yau, ba gobe ba. Amma ba zan nemi a tuhumi wanda ya aika bam Gaza ba, sannan in yi fushi in an tambaye mu inda namu ke sauka. In wani sanata a Washington ya ce a dakata sai an ji bayanin Tudun Biri, aikin da sanatocinmu suka ƙi yi ne yake yi. Majalisar Tarayya na da kwamitocin tsaro a zauruka biyu, kuma tsarin mulki ya ba su ikon gayyatar kowa da neman kowace takarda. Su nemi cikakken rahoton binciken Rann da na Tudun Biri, a karanta su a bainar jama'a, a faɗi abin da ya faru da jami'ai biyun da hedikwatar tsaro ta ce a Mayun 2024 za ta gurfanar gaban kotun soja, kafin a sa hannu a kan kuɗin rukunin bama-bamai na gaba.